Sunan Nas a Jikin Kwalba

Kwana arba'in da 'yan kai da saukata Amurka maganin hawan jinina ya ƙare. Laifina ne. Da nake haɗa kaya a Potiskum hankalina duk yana kan 'yata mai jego: kuka, daddawa, yaji, garin kunu, busasshiyar kuɓewa, har na cika jaka biyu ban tsaya na ƙirga ƙwayoyin da nake sha kullum ba. Ko a jikina. Amlodipine ne, miligiram goma, abin da a gida zan aiki yaro kemis ɗin bakin layinmu ya karɓo mini kafin ruwan shayi ya tafasa.

Na ce wa 'yata ta kai ni kemis. 'Yar fari ce, don haka ba za a ji sunanta a bakina ba. Ta yi dariya ta ce, "Umma, nan fa ba a yin haka." Na ce ai ba roƙo za ni ba, da kuɗina. Ta kai ni wani kanti da ya fi tashar motarmu faɗi, a cikinsa ake sayar da tumatir da tayar mota da bindigar farauta, can ƙurya kuma ga ɓangaren magani. Na miƙa wa saurayin da ke bayan kanta tsohon kwalin, na ce a ba ni uku. Ya juya kwalin, ya karanta, ya tambaye ni wa ya rubuta mini. Na ce ni na rubuta wa kaina, nas ce ni kuma ungozoma, shekara talatin da biyar ina aikin nan kafin na yi ritaya a 2021. Har katina na ciro daga jaka. Ya duba da ladabi, ya ce ya gode da hidimar da na yi wa jama'a, amma ko ƙwaya ɗaya ba zai iya ba ni ba sai wani mai lasisin jihar ya duba ni ya turo masa umarni. Na dubi inda bindigogin suke, na dubi kwalina, na ja bakina na yi shiru.

A gida kuwa ga likita. Mijin 'yar tawa likita ne, aikinsa ne ma ya kai su wannan gari. Tunda ba na iya tunkarar suruki da buƙata, na aiki matarsa. Ta dawo da amsa cewa yana ba ni haƙuri, ƙa'idar sana'arsu a can ba ta son likita ya rubuta wa mutanen gidansa magani in ba larurar gaggawa ba, amma ya karɓar mini lokaci a wani ƙaramin asibiti gobe da safe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Garin sunansa Clovis, a gabashin jihar New Mexico, dab da iyakar Texas. A watan Oktoba na 2023 na je, daga Kano ta Doha zuwa Dallas, sannan ƙaramin jirgi zuwa Amarillo. Tun daga sama na fara ganin abin mamaki: gonaki zagaye-zagaye kamar an jera faifai a ƙasa, ashe wani dogon bututun ban ruwa ne mai ƙafafu yake kewayawa shi kaɗai. Ƙasar shimfiɗe take, ba dutse ba tudu, bishiya sai wadda mutum ya dasa a ƙofar gidansa, iska kuma ba ta hutawa. Suna noma dawa, amma gajeruwa ce, ba ta wuce ƙugun mutum ba, kuma shanu ake nomawa. Na tambaya ko ba mai tuƙa tuwonta, aka ce ba a san da wannan ba. Kudu da su kaɗan akwai garin Portales inda ake noma gyaɗa. Dawa, gyaɗa, shanu, manyan motoci dare da rana: ba don sanyi ba da na ce ban bar gida ba.

Washegarin zuwana kemis ɗin na shiga ɗakin duba marasa lafiya, wanzami zai sha jarfa. Wata mata ta shigo, za ta kai shekara hamsin, da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya. Ta ja kujera ta zauna daidai da ni. Ta auna jinina a hannu biyu, ta saurari zuciya da huhu, sannan ta durƙusa ta danna idon sawuna da babban yatsa ta ga ko zai lotsa, don maganin nan yana kumbura ƙafa. A nan na san ta iya aikinta. Ta tambaye ni gishiri, na amsa. Da ta ji sunan kanwa a bakin 'yata sai da aka yi mata bayani, na kuma tabbatar mata ko mai jegon ban dama wa kunun kanwa ba, don mu da muka yi aiki a Arewa mun ga abin da kanwa da wankan tafasasshen ruwa suke yi wa zuciyar masu haihuwa. Ta rubuta gwajin jini na ƙoda. Na ce, "Na gode, Dokta."

Ta ce ita ba likita ba ce, nas ce.

Na ɗauka kunnena ne, don Turancinsu a hanci yake fita. 'Yata ta maimaita mini da Hausa. To sai na gyara zama ina jiran ta tashi ta kai katin a sa mata hannu, kamar yadda na san ana yi in likita yana kusa. Ba ta tashi ba. Ta juya ga kwamfuta, ta tambaye ni a wane kantin magani nake son karɓa, ta danna wasu wurare, ta ce shi ke nan, ya tafi. Ba takarda, ba hatimi, ba kowa a samanta. Na tambaye ta ina likitan asibitin. Ta ce babu, asibitin nata ne.

Irinta ake kira NP a taƙaice, wato nas da ta ƙaro ilimi har doka ta ba ta ikon duba mara lafiya, ta gano ciwo, ta sa a yi gwaji, ta rubuta magani. Da ta ji ni ma 'yar hannu ce sai ta saki jiki. Ta fara da digirin jinya, ta ci jarrabawar NCLEX wadda kowace nas a ƙasar take ci kafin ta taɓa mara lafiya, ta yi shekaru a ɗakin masu ciwo mai tsanani, sannan ta koma jami'a ta yi digiri na biyu, inda aka koya mata ilimin magunguna da binciken jiki mai zurfi, ta bi bayan ƙwararru na ɗaruruwan sa'o'i. Bayan nan ga wata jarrabawar ta ƙasa a fannin da ta zaɓa, nata fannin lafiyar iyali ne, kuma duk shekara biyar sai ta sabunta shaidar. Sai da wannan duka hukumar jinya ta New Mexico ta ba ta lasisi. Da muka fito 'yata ta buga sunan matar a waya, nan take lasisin ya bayyana: lambarsa, ranar ƙarewarsa, da ko an taɓa hukunta ta. Kowa yana iya dubawa, ko mai shara.

Maganin ta tagar mota muka karɓa, ba mu ko sauka ba. Wata 'yar kwalbar roba ce ruwan lemo, mai murfin da na yi ta kokawa da shi sai da aka nuna mini dannawa ake yi a murɗa, don kada yara su buɗe. A jikinta an liƙa sunana, sunan maganin, yawan ƙwayoyin, yadda zan sha, sau nawa zan iya dawowa a ƙara mini ba tare da sake ganin kowa ba. A ƙasa kuma, inda ake sa wanda ya rubuta, ga sunan matar nan da haruffan lasisinta. Har muka isa gida ina karantawa ina maimaitawa.

Dole in faɗi abin da ya sa wannan layi ɗaya ya tsaya mini a rai. Na gama makarantar jinya a Maiduguri, lokacin duk muna jihar Borno, kafin a yanki Yobe a 1991. A 1986 aka tura ni wata cibiyar lafiya a ƙasar Fika. Zamanin Olikoye Ransome-Kuti ne yana ministan lafiya, ana ta maganar kai lafiya matakin farko ƙauyuka. Likita mafi kusa yana Potiskum, da damina kuwa in rafi ya kawo, ya zama kamar yana Makka. Wa zai rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro? Wa zai rubuta wa yaron da haƙarƙarinsa ke lotsawa maganin namoniya? Ni ce. Daga baya na ƙaro kwas ɗin jami'in lafiyar al'umma, aka ba ni littafin nan da muke kira sitandin oda, wanda yake cewa in ka ga kaza ka yi kaza, in ka ga kaza ka tura babban asibiti. Da shi ma'aikatan lafiyar ƙauye suke fakewa har yau, kuma littafi ne mai albarka, ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Amma ikon na littafin ne, aro aka ba mu. A duk tsawon aikina, takardar sayen magani da doka ta sani ita ce ta likita, da likitan haƙori, da likitan dabbobi. Wato likitan da ke duba shanu a kara ranar Laraba yana da alƙalamin da ni ba ni da shi, ni da na karɓi haihuwar 'ya'yan masu shanun.

A shekarun tashin hankali kuwa, daga 2012 da aka kai hari kasuwar shanu zuwa bam ɗin makarantar kimiyya a Nuwamban 2014, ma'aikata da yawa sun bar gari, ba kuma na ganin laifin kowa. Waɗanda suka rage sun yi aikin da ba a koya musu a aji ba. Ba wanda ya tsaya tambayar nas ina takardar izininta. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin raba ayyukan lafiya, aka yarda a rubuce cewa nas da ungozoma da ma'aikacin lafiyar al'umma za su iya wasu abubuwa da a da aka ce sai na sama da su: allurar farko ta jijjiga kafin a tura mace, maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ɗora mai cutar ƙanjamau a kan magani. Mun yi murna, ko da yake da yawa a ciki mun daɗe muna yi. Duk da haka, in abu ya yi kyau sai a ce Allah ya ba da sa'a, in ya ɓaci a ce wa ya sa ki.

A can Clovis kuwa, ranar suna wata mata ta zo daga Amarillo, Bayarabiya ce haifaffiyar Jos, Hausarta tsaf. Lokacin na ɗauke ta nas irin wadda na sani, ashe ita ma NP ce. Da na kira ta ina ba ta labarin abin da na gani sai ta kwashe da dariya ta ce, "Mama, rabi kika gani. Ku zo wurina ki ga ragowar."

Ranar wata Asabar muka ɗauki hanya, surukina yana tuƙi. Minti goma sha biyar daga Clovis akwai wasu garuruwa biyu manne da juna, Texico da Farwell, layin dogo ya ratsa wurin. Ba shinge, ba ɗan sanda, ba mai karɓar na goro. Muna ƙetarawa agogon wayata ya yi tsalle da kansa ya ƙara sa'a guda, don New Mexico da wannan ɓangare na Texas ba lokacinsu ɗaya ba. 'Yata ta ce, "Umma, daga nan matar da ta duba ki ba ta da ikon rubuta miki komai." Na waiwaya, ga gidajen Texico ina hango su. Kamar a ce mutum ya tashi daga Potiskum ya nufi Azare, yana taka ƙasar Bauchi lasisinsa ya mutu. A wannan kam mun fi su: lasisin da Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta ba ni yana aiki daga Nguru har Kalaba.

Hanyar ta bi ta Bovina da Friona da Hereford, kuma tun kafin a ga Hereford hanci yake sanar da mutum. Shanu ne dubbai a cikin shingaye, ido bai kai ƙarshensu, yawanci ba ƙaho ba tozo, ba makiyayi ba sanda, mota ce take bi tana zuba musu abinci. Mutanen wurin sun ce warin kuɗi ne. Ni da na tashi ina taƙama da karar Potiskum, na yi shiru ina ƙirga tireloli. Jirgin ƙasa ɗaya ya jera da mu, na fara ƙirga taragunsa, na haura ɗari na gaji.

Asibitin ƙawar tawa ɗakuna huɗu ne, masu zuwa kuma da yawansu baƙi ne masu aiki a mayankar shanu, daga Somaliya da Sudan da Burma da Meziko. Ta zaunar da ni a ofishinta ta jawo wani fayil ta ce, "Mama, ni a Texas maigida biyu gare ni, na aure da na takarda." Yarjejeniya ce tsakaninta da wani likita. Karatunsu ɗaya da matar Clovis, jarrabawarsu ɗaya, amma a Texas nas ba ta rubuta magani sai wani likita ya wakilta mata ikon a rubuce, an yi rajistar wakilcin a hukumar likitoci ta jihar. Doka ta ce su riƙa ganawa kowane wata, ya kuma duba wasu daga cikin fayilolin marasa lafiyarta. A ƙa'ida likita ɗaya yana iya ɗaukar har mutum bakwai. Nata likitan a wani gari yake, ta waya suke ganawa, bai taɓa haɗa ido da mara lafiyarta ko ɗaya ba, kuma duk wata sai ta biya shi. Na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta ce mutumin kirki ne, in ta kira shi yana ɗauka, abin da yake hana ta barci daban ne: ranar da ya yi ritaya ko ya faɗi ya mutu, daga ranar alƙalaminta ya bushe, sai ta samo wani.

Ita ce ta buɗe mini sha'anin ƙwayoyi masu sa maye. Dokar tarayya ta 1970 ta kasa su aji biyar. Na ɗaya ba a rubuta shi sam, na biyu shi ne su mofin da oxycodone, a haka har na biyar. Tramadol ɗin da ya addabi samarinmu yana aji na huɗu tun 2014. Duk mai son rubuta waɗannan sai ya yi rajista da hukumar DEA, takwarar NDLEA tamu, a ba shi lamba ta kansa, ya sabunta duk shekara uku. Lambar haruffa biyu ce da alƙaluma bakwai. Harafin farko na irinsu M ne, na biyu harafin farkon sunan mutum na dangi, alƙalamin ƙarshe kuma lissafi ne da ake fitarwa daga sauran shida, ta yadda in wani ya ƙirƙiri lamba da ka, mai kantin magani zai iya kama shi da biro da takarda. Kafin ta rubuta irin su tramadol sai ta buɗe wata rajista ta jiha ta ga ko mutumin ya karɓa jiya a hannun wani. Aji na biyu kuwa Texas ta hana nas sai a cikin babban asibiti ko wurin jinyar waɗanda ciwonsu ya kai gargara. Matar Clovis tana rubuta shi a ɗakinta.

Abin dariyar, a cikin Amarillo ɗin akwai asibitin tsoffin sojoji na gwamnatin tarayya. Tun ƙarshen 2016 ma'aikatarsu ta yarda NP ta yi aiki da kanta a asibitocinta ko a wace jiha suke, in ban da batun ƙwayoyin nan masu aji. Ga iyaka a layin dogo, ga wata a ƙofar asibiti.

A lokacin da nake can, jihohi 27 da birnin Washington sun sakar wa NP mara, sauran kuma kowace da tsawon igiyarta. Jihar New York ta saki tata a 2022, ga wadda ta cika sa'a 3,600 tana aiki. Florida sai a farkon 2017 nas ta fara rubuta magunguna masu aji, ita ce ta ƙarshe. Asalin abin duka daga 1965 ne a Jami'ar Colorado, inda wata nas mai yawon ƙauyuka, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas na farko saboda yaran karkara ba su samun likita. Da na ji haka na ce ashe ciwonmu ɗaya, su dai sun kai nasu majalisa. Loretta Ford tana raye lokacin da nake can, sai a Janairun 2025 ta rasu tana da shekara 104.

A hanyar komawa na kasa haƙuri, na ce wa 'yata, "Ki tambayi likita, shi me ya gani a wannan rigima?" Ga shi nan a gabana yana riƙe da sitiyari, amma ai ba a yi ba. Shi ma ya juya ga matarsa ya ce, "Ki gaya wa Umma..." A haka muka yi muhawarar kusan sa'a biyu, 'yata tana tsakiya tana isar da saƙon da kowa ya riga ya ji.

Abin da ya ce shi ne, likita a Amurka yakan yi digiri, ya yi shekara huɗu a makarantar likitanci, ya ƙara aƙalla uku yana kwana a asibiti ƙarƙashin manya. NP kuwa mafi ƙarancin abin da ake nema a wurinta kafin jarrabawa sa'a 500 ce ta duba marasa lafiya a ƙarƙashin wani. Ya ce irin matar da ta duba ni, wadda ta tsufa a bakin gado kafin ta koma aji, zai iya damƙa mata mahaifiyarsa. Tsoronsa yarinyar da ta gama digiri yau, gobe ta shiga kwas ta intanet, jibi ta buɗe asibiti. Ciwo tara cikin goma kowa zai gane shi, na goman da ya yi kama da su shi ne yake kisa. Ƙungiyar likitocin Amurka a kan wannan take tsaye, duk inda aka kai ƙudurin sakin igiya sai ta je ta ja. Na ce a gaya wa likita ƙawata ta nuna mini wani bincike da aka buga a 2000, wanda aka yi a New York ƙarƙashin jagorancin Mary Mundinger: mutum 1,316 aka raba da ƙuri'a tsakanin likitoci da NP, bayan wata shida ba a ga bambancin a zo a gani a lafiyarsu ba. Ya ce a gaya wa Umma ya san binciken, kuma waɗancan nas ɗin zaɓaɓɓu ne.

Ban ce masa ya yi gaskiya ba, suruki ne, amma a raina na san bai yi ƙarya ba. Na ga wanda ya yi wata shida yana share ɗakin allura ya koma ƙauyensu ana kiransa Dokta. Na ga nas da ya kama ɗaki yana yanka mutane, sai in abu ya ɓaci a kwaso mana cikin dare. Ni kaina akwai yarinyar da na yi kwana uku ina yi wa maganin zazzaɓin sauro, ashe sanƙarau ne, Allah ya sa aka kai ta gaba da sauran numfashi. Inda na rabu da shi shi ne, sa hannun da ake saya wata-wata daga wani gari ban ga yadda zai kama wannan na goman ba. In tsoron ɗanyen hannu ake yi, sai a ce ta fara yin shekaru a gaban wani, kamar yadda New York ta yi, daga nan a ƙyale ta da sunanta.

Kada kuma a ɗauka takarda ta raba su da bala'i. Annobar ƙwaya da ta cinye su daga ɗakin likita ta faro, da sahihiyar takarda mai lamba, bayan fitowar OxyContin a 1996, kuma a shekarun da na je mutum sama da 100,000 suke mutuwa duk shekara saboda shan ƙwaya fiye da kima. Mu namu kodin ɗin ta bayan kanta ya bi, har gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a Mayun 2018 bayan binciken BBC. Sannan kuɗin ganin nas na rabin sa'a, ga mai ziyara irina da ba shi da inshora, ya kusa lashe fanshona na wata. Talakan can da yawa hawan jininsa yana cinsa don ba shi da kuɗin isa ga alƙalamin. Namu kemis ɗin bakin layi, wanda lasisinsa na magungunan da ba su buƙatar takarda ne kawai amma har allura da ƙarin ruwa yake yi, shi ne likitan mai naira ɗari biyar, kuma duk mai cewa a rufe shi gobe bai taɓa kwana da yaro mai zazzaɓi a ƙauye ba.

Ina shirin dawowa a Fabrairun 2024 labari ya iso cewa hukumarmu ta jinya ta ce ba za ta tantance takardun mai son fita waje ba sai ya yi shekara biyu yana aiki, ma'aikatan jinya suna zanga-zanga a Abuja da Legas, shugaban hukumar kuma yana cewa sama da 42,000 sun fice cikin shekara uku. Ƙawata ta Amarillo ta kira ni ta ce, "Mama, kowa yana cewa dala ce ta kawo mu. Dala ce, ba na musu. Amma a gida in na yi shekara talatin, abin da zan zama shi ne metiron mai rubuta jadawalin aiki."

Na iso Potiskum ana saura kwanaki a ɗauki azumi, na baro sanyi na faɗo zafi. Kwalbar nan ruwan lemo tana cikin jakata, ta zama ma'ajiyar alluran ɗinki. Wani dare bayan asham maƙwabciyata ta yi sallama da ɗanta a kafaɗa, jikinsa kamar garwashi. "Hajiya, don Allah ki duba mini shi." Na lanƙwasa wuyansa na ji ya saki, na ƙirga numfashinsa, na ɗiga jininsa a ɗan katakon gwaji, layi biyu suka fito. Na ɗora shi a sikelin banɗaki, kilo goma sha bakwai. Na yago takarda daga littafin makarantar jikana na rubuta maganin da yadda za a ba shi. Har zan miƙa sai na tsaya, na ƙara kwanan wata, na rubuta cikakken sunana, a ƙasa na sa lambar rajistata ta hukumar jinya, wadda na haddace tun ina budurwa.

Wan yaron ya ruga kemis. Can ya dawo da maganin a baƙar leda, takardar tana ciki a dunƙule.

"Hajiya, mai kemis ya ce a gaishe ki. Ya ce wai lambar wayar da kika rubuta ba ta cika ba, ya gwada kira ba ta shiga."